Shi kaɗai da Soni: me ke gudana a zuciyar mai wasan bidiyo na mutum ɗaya?

Duk wanda ke zaune a Saudiyya a 'yan shekarun nan ya san wasan bidiyo ya tashi daga sha'anin yara ya koma harkar ƙasa. A 2022 gwamnati ta fitar da tsarinta na bunƙasa wannan fanni, tana fatan samar da ayyuka 39,000 da zuba riyal biliyan 50 a tattalin arziki nan da 2030. A watannin zafi na 2024 Riyad ta karɓi gasar kofin duniya ta wasannin bidiyo karo na farko, kyaututtukanta sun haura dala miliyan 60. Tun kafin nan ma, a 2018, Musa'id Aldosari ya je Landan ya ciwo kofin duniya na wasan FIFA.

Wannan duk gasa ce, ita kuwa gasa ba ta da wuyar ganewa. Wanda ya taɓa zama a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ana buga FIFA, mutum shida na jiran hannun wasa biyu, ya san ihun wanda ya ci da borin wanda aka ci. Abin da ke ɗaure wa iyayenmu kai, daga Shara Mansur a Makka har Karantina da Sabil a Jidda, shi ne ɗaya nau'in. Saurayi ya shige ɗaki, ya kunna esi, ya ɗauki hannun Soni, wato na'urar wasa ta PlayStation, ya share awa uku ba abokin karawa, ba wanda zai yi wa gori, ba kofi ba kuɗi. Fuska a murtuke, sai tsaki jefi-jefi. In ya fito ka tambaye shi, ya ce maka ai wasan ya yi daɗi. To wane irin daɗi ne ke zuwa da tsaki?

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, abin da yake ji ba haka kawai ya faɗo ba. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, ana biyan su albashi su tsara yaushe zai tsorata, yaushe zai fusata, yaushe za a bar shi ya huta. Na biyu kuma, wanda shi ne jigon maganar gaba ɗaya: mai kallon fim tausayin wani yake ji, mai wasa kuwa shi ya aikata. In jarumin fim ya ci amana, ka ji haushinsa. In a wasa ne, babban yatsanka ne ya danna maɓallin. Shi ya sa wasan mutum ɗaya ke iya taɓo wuraren da fim da littafi ba su cika kaiwa ba, wato alfahari da abin da ka yi da hannunka, da nadama, da kunyar kanka alhali ba wanda ya gan ka.

Mu fara da tsakin, don shi aka fi ji daga falo.

Yayata ta taɓa kira na kan ɗanta. Ta ce, "Kai ne kawunsa, ka shiga ka yi masa magana, abin nan zai taɓa masa ƙwaƙwalwa." Na same shi zaune a ƙasa, tamis da ful ɗin da aka kai masa sun huce a gefe, yana fama da wata bos, wato babbar abokiyar gaba a wasa, mai suna Malenia a Elden Ring, wasan da kamfanin FromSoftware na Jafan ya fitar a 2022. Muguwa ce ta ƙarshe: duk saran da ta yi maka, jininta, wato ma'aunin ranta da ke allo, ƙaruwa yake, kuma in ka ƙarar da layin jininta kana murna, sai ta sake tashi da sabon salo. Ba dole ba ne ma a yaƙe ta kafin a kammala wasan. Na zauna ina kallo ana ta kashe shi. Abin da na lura shi ne, duk sanda ya mutu ba ya zagin wasan. Sai ya goge tafin hannunsa a jallabiya, ya ce, "Kawu, ka gani? Sauri na yi. Da na jira ta sauko." Ya sake shiga. Wannan ba mutum ne da ake azabtarwa ba, mutum ne da ya hango kuskurensa, ya kuma san gyaran na hannunsa.

Masanin wasanni ɗan Denmak, Jesper Juul, ya rubuta littafi sukutum a 2013 kan wannan ɗaurin gwarmai: ɗan Adam ba ya son faɗuwa, amma ya ɗauki kuɗinsa ya sayi abin da ya tabbata zai kayar da shi, in ma wasan bai kayar da shi ba ya ce ba shi da kyau. Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa daga Finlan ta fito. Niklas Ravaja da abokan aikinsa a Helsinki sun manna wa 'yan wasa na'urar auna motsin tsokar fuska suna buga Super Monkey Ball 2, suka wallafa sakamakon a 2006. Suka ga cewa sa'ad da birin ɗan wasa ya zame ya faɗa rami, tsokar murmushi ce ke motsawa. Amma in mutum yana zaune kawai ana nuna masa gazawarsa ba ya taɓa komai, sai abin ya koma ɓacin rai. Faɗuwar da kake da hannu a cikinta daban take da wadda aka ɗora maka.

Sai dai akwai iyaka. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya bayyana tun 1975 wani yanayi da mutum ke nutsewa cikin aiki har ya manta da agogo, ya ce hakan na faruwa ne idan wahalar aikin ta yi daidai da ƙwarewar mai yin sa. Ta yi yawa, ya karaya. Ta yi kaɗan, ya gundura. Masu ƙera wasa sun rungumi wannan magana hannu bibbiyu, amma suna da matsala: mutum miliyoyi za su sayi faifai ɗaya, kowa da gwanintarsa. Mafitar da suka samu ita ce yi wa ɗan wasa ƙarya, ƙaryar alheri.

A 2017 wata mai tsara wasanni, Jennifer Scheurle, ta nemi abokan sana'arta a Twitter su tona irin dabarun da suke ɓoyewa, aka yi ta fallasa. Ashe a Doom da Assassin's Creed, ɗan guntun jinin da ya rage maka a ƙarshen layi ya fi yadda ake nuna shi ƙarfi, don ka riƙa jin da ƙyar ka sha. A BioShock, harsashin farko da abokin gaba ya harbo maka da gangan yake kuskure ka, gargaɗi ne kawai. Resident Evil 4 na 2005 yana lura da kai a asirce: in kana yawan mutuwa ya sassauta wa maƙiyan, in kana shan su kamar ruwa ya ƙara musu zafi, bai taɓa sanar da kai ba. Celeste na 2018 yana barin ka yi tsalle ko da ƙafarka ta riga ta bar bakin dutse da ƙiftawar ido. Kamar uban da ke koya wa ɗansa keke ne, yana riƙe da bayan sirdi yana cewa "ai kai kaɗai kake tuƙawa". In yaron ya waiwayo ya ga hannun, daɗin ya tafi.

Sid Meier, mai Civilization, ya ba da wani labari a taron masu ƙera wasanni na 2010 da ke nuna yadda lissafi da zuciya ba sa jituwa. Masu gwajin wasansa suna ganin an rubuta ƙarfinsu uku ne a kan ɗaya na abokin gaba, sai a ci su, su taso da ƙorafi cewa wasan ya yi maguɗi. A lissafi, mai uku a kan ɗaya dole ya faɗi sau ɗaya cikin huɗu. A zuciyar ɗan wasa kuwa, uku a kan ɗaya na nufin nasara ce tabbas. Meier bai tsaya koya musu lissafi ba, ya karkata ƙa'idar ta bi abin da suke ji.

Ni dai ban ga laifin wannan ba. Wanda ya sayi wasa ba jarrabawa ya zo zaunawa ba. Amma na fahimci waɗanda ke ƙaunar wasannin Hidetaka Miyazaki, jagoran tsara Elden Ring, tun daga Dark Souls na 2011, saboda ba su da zaɓin "mai sauƙi" a farkon wasa. Sa'ad da wasansa Sekiro ya fito a 2019 an yi ta cacar baki kan ko ya kamata a saka. Masu cewa a'a suna kare wannan alfaharin ne na "ni na yi". Masu cewa e kuma suna tuna mana akwai mai lalurar hannu ko ido da aka rufe wa ƙofa. Celeste, duk da wuyarsa, ya ba ka damar rage gudun wasan in kana so, kuma ban ji wanda ya kammala shi da wahala ya ce an rage masa komai ba. (Wani abu da iyaye za su so su sani: yawancin wasannin mutum ɗaya ana iya tsayar da su cak in an kira salla, ba kamar na intanet ba. Elden Ring da Dark Souls ne suka fita zakka, ba su da maɓallin tsayawa na sosai. To amma mutuwa a cikinsu ba baƙon abu ba ce, don haka wannan ba uzuri ba ne.)

Tsoro ba sai an daɗe a kansa ba, dabararsa ɗaya ce: a matsa, a saki. A Alien: Isolation na 2014 akwai wani ɓoyayyen tsari da ya san inda kake koyaushe, yana turo dodon kusa da kai, in ya auna cewa tashin hankalin ya yi yawa sai ya janye shi cikin rufi ka numfasa. Tsoron da ba ya yankewa gajiya yake komawa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne baƙin ciki da nadama, kuma nan ne wanda bai taɓa riƙe hannun wasa ba zai ga kamar ana zuzutawa. A Shadow of the Colossus na 2005, aikinka shi ne ka kashe wasu manyan halittu 16 don ka dawo da ran wata yarinya. Wasunsu ba su tsokane ka ba, suna yawonsu ka je ka hau su. In ka soke na farko ya zube, kana jiran kiɗan nasara, sai ka ji wani sauti mai karya zuciya. Ba wanda ya fito ya ce maka ka yi laifi. Kai da kanka za ka fara tambayar me kake yi, kuma duk da haka ka kama hanyar na biyu.

Wanda bai buga Brothers: A Tale of Two Sons ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan sakin layi. Josef Fares, haifaffen Beirut da ya tashi a Suwidin, shi ya tsara shi, ya fito a 2013. Wa da ƙane ne suka fita neman wa mahaifinsu magani. Hannunka na hagu ke tafiyar da wan, na dama ƙanen. Ƙanen yana tsoron ruwa, duk inda za a yi iyo sai ya ɗafe bayan yayansa. Can kusa da ƙarshe wan ya rasu, ka binne shi da kanka, hannunka na hagu ya zama ba shi da aiki. Sai ga ruwa a gaban ƙanen. Ka danna maɓallinsa, ya ƙi shiga. Ba abin da aka rubuta maka a allo. Sai in ka tuna ka danna maɓallin mamacin, sannan yaron ya faɗa ruwa ya haye. Ba a furta kalma ɗaya da za ka fahimta a duk wasan ba, harshen da suke yi ƙirƙirarre ne. A yatsunka aka rubuta rashin, kuma ban san wata hanyar ba da labari da za ta iya wannan ba.

Akwai kuma wanda nake ganin mu nan zai fi taɓa mu fiye da Bature. Papers, Please, na Lucas Pope, shi ma 2013. Kai ne jami'in da ke zaune a tagar kan iyakar wata ƙirƙirarriyar ƙasa a 1982, kana duba fasfo da takardar izini, ka buga hatimin shiga ko na kora. Ana biyan ka gwargwadon yawan mutanen da ka sallama daidai, in kuskure ya yi yawa a yanke maka. Da dare ka raba 'yan kuɗin tsakanin haya da abinci da maganin ɗanka. Wata rana wani mutum ya zo takardunsa cif, ka buga masa, ya ce matarsa na bayansa, a taimaka. Ta iso, tata ba ta cika ba. Al'ummar da kusan kowane gida ke da labarin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da wanda aka haifa a nan amma takarda ta ce shi baƙo ne, ba ta bukatar a fassara mata wannan. Abin mamakin shi ne wasan ya ɗora ka a ɗaya gefen tagar, kuma da yawa daga cikinmu, in ɗan na kwance ba magani, hatimin kora za mu buga.

To me ya sa mutum zai so abin da ke sa shi baƙin ciki? Masu bincike a Jami'ar Basel ta Suwizalan, Julia Bopp da Elisa Mekler da Klaus Opwis, sun tambayi 'yan wasa 121 a 2016 su ba da labarin lokacin da wasa ya girgiza su. Baƙin ciki ne ya fi fitowa, musamman na rasa wani da suka shaƙu da shi a labarin, amma kuma waɗannan lokutan ne suka ce sun fi daraja a wurinsu. Tun 2006 Richard Ryan da Scott Rigby da Andrew Przybylski suka nuna cewa abin da ke riƙe mutum a wasa bukatu uku ne: ya ji ya iya, ya ji shi ke zaɓa, ya ji yana da alaƙa da wani. Ta ukun ce mutane ke zaton babu ita in kana kai kaɗai. Tambayi wanda ya yi makonni da doki ɗaya a Red Dead Redemption 2, yana share masa jiki yana ba shi abinci, ka ji yadda zai yi maganar dokin. Haka kuma sa'ad da Assassin's Creed Mirage ya fito a 2023, da Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, da muryoyin Larabci, da kiran salla na tashi daga masallatan birnin, samari da yawa a nan sun ji wani abu da ba su saba ji ba: wasan ya san da zamansu. Mu Hausawa har yanzu muna jiran namu.

Ta yaya kamfanoni ke sanin duk wannan? Da awo, kuma awon na da nakasu. Kafin Halo 3 ya fito a 2007, Microsoft da Bungie sun nazarci sama da awa 3,000 na wasan mutum kusan 600, suka zana taswirar duk inda ake mutuwa. In wuri ɗaya ya yi ja, su san akwai matsala. Amma taswira ba ta gaya maka ko wanda ya mutu a wurin dariya yake ko yana shirin jifa da hannun wasan. Kamfanin Valve ya ɗauki masanin halayya, Mike Ambinder, ya yi gwaje-gwajen auna gumin tafin hannu. Gumi na nuna zuciya ta motsa, bai faɗin tsoro ne ko murna. Sai a koma ga tambayar mutum da baki, nan ma ga wani rami. Daniel Kahneman da abokansa sun nuna a 1993 cewa ba duk abin da ya faru muke tunawa ba, ƙololuwarsa da ƙarshensa muke riƙewa. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwan sanyi mai digiri 14 na daƙiƙa 60, sannan a wani zagayen aka ƙara daƙiƙa 30 ruwan na ɗan ɗumi kaɗan. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita, yawancinsu suka zaɓi mai tsawon, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Kamfanin BioWare ya ɗanɗana wannan a 2012: mutane sun ji daɗin awanni masu yawa na Mass Effect 3, mintunan ƙarshe suka ɓata musu rai, aka yi ta surutu har sai da kamfanin ya fitar da ƙarin bayanin ƙarshen kyauta.

In kamfani mai ɗakin gwaji da na'urori na wahalar karanta zuciyar ɗan wasa, uwar da ke leƙowa ta ƙofa ba za ta karanta ta daga fuska ba, kuma agogo ma ba zai taimaka mata sosai ba. A 2022 masu bincike a Jami'ar Oxford sun bi 'yan wasa kusan 39,000 a wasanni bakwai, da bayanan awannin da kamfanonin kansu suka bayar, ba wanda mutum ya ƙiyasta da ka ba. Ba su ga wata hujja mai ƙarfi cewa yawan awanni na ƙara ko rage walwalar mutum ba. Abin da ya fi alaƙa da walwala shi ne dalilin wasan: yana yi ne don yana so, ko don yana jin kamar dole ne. A lura, manya aka yi wa wannan bincike, ba 'yan firamare ba, kuma yawancin wasannin da na ambata a sama na manya ne. Alamar shekaru na nan a jikin kwalin, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Saudiyya na manna tata, a duba ta kafin a biya kuɗi.

Cutar kuwa akwai ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ba awa ta ƙirga ba. Sharuɗɗanta su ne mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar a karatu ko aiki ko iyali, kuma galibi hakan ya ɗauki aƙalla wata 12. A wannan ma'auni, ni wasan da ke da ƙarshe, wanda ka biya sau ɗaya, labari ya ƙare sunaye suka hau allo, bai kai wasan waya na "kyauta" ba ni tsoro ba, wanda aka gina shi don ka dawo kullum ka sayi wani abu. Ilimin zuciyar ɗan wasa ɗaya ne a wurin duka biyun, inda aka nufa da shi ne ya bambanta. Kuma yana da kyau a lura cewa babban cinikin da Savvy, kamfanin wasanni na asusun zuba jarin Saudiyya, ya yi a 2023 shi ne sayen Scopely kan dala biliyan 4.9, kamfanin da wasannin waya irin su Monopoly Go ke kawo masa kuɗi, ba wasannin labari na mutum ɗaya ba.